Asirin Bahago Mai Haƙar Rijiya

Shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki a Yamai, ita ce shekarar da ruwa ya gudu ƙasa a Agadas. Damina ta leƙo ta wuce abinta, koramar Telwa ko sau biyu ba ta yi gudu ba, rijiyoyin lambu suka koma laka. Kowa na kuka ban da masu haƙar rijiya, don su kam aiki ya yi musu yawa har suna zaɓe. Bahago na cikinsu. Shekara ashirin da wani abu yana shiga ƙasa yana fitowa, ko ƙwarzane bai taɓa kawowa gida ba, har matarsa Fulera ta saba, ta daina leƙen hanya in ya yi yamma. Ran nan kuwa, cikin tsakiyar bazara, yana ƙara wa wata tsohuwar rijiya zurfi a wani lambu, sai gefenta ya zabtaro. Yashi da duwatsu suka danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa tun hantsi, ba a zaro shi ba sai bayan la'asar.

Da aka kawo shi asibiti yana magana sarai, har yana tambayar wa ya ɗauko masa daginsa. Ƙashi ɗaya ne ya tsage, a ƙwauri. Mutane suka yi hamdala suka watse. Ashe ba a fara ba. Kwana biyu tsakani ƙafafun suka kumbura kamar salka, fuska ta cika, ga amai ga shaƙuwa, ya koma yana hira da mutanen da suka rasu tun yana yaro.

Lokotoron da ke duba shi sunansa Inoussa, Bazabarme ne mutumin Doso, dogo siriri, idanunsa kullum jajur, Hausarsa irin ta cefane. Ya aika aka kira Hamidu, yayan Bahago, wanda direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya shiga da shi biro, wato ofishinsa. Fulera ta biyo baya ta tsaya bakin ƙofa, tunda ba wanda ya ce ta shiga, ba kuma wanda ya ce ta koma.

Lokotoro ya ce naman ƙafar da dutse ya danne ya saki dafi cikin jini, dafin ya je ya toshe ƙoda. Ƙodar ba ta mutu ba, suma ta yi. Tana iya farfaɗowa nan da mako biyu, in dai an samu abin da zai riƙe mata aikinta kafin nan, in ba haka ba dattin jiki zai kashe shi cikin ƴan kwanaki. Hanya biyu ce. Ta farko mashin ne, yana Yamai: a zaro jinin mutum ta tiyo, mashin ya wanke, a mayar masa. Awa huɗu ya gama, tas. Ta biyu a nan za a yi, da hannu: a huda cikinsa ƙasan cibiya a sa tiyo, a zuba ruwan serom, irin na ƙarin ruwa, da aka haɗa da sukari, a bar shi ya zauna ya tsotso dattin, a buɗe ya zubo, a sake zuba wani. Duk awa biyu, ba hutu, ba Juma'a.

Hamidu tun kafin a rufe baki ya ce Yamai. Shi mutum ne da ya yarda da ƙarfe, abin da ba ya ƙara ba ya hayaƙi bai ɗauke shi aiki ba. Ya ce ina za a haɗa mashin ɗin Turawa da zuba wa mutum ruwa a ciki kamar ana wankin tulu?

Lokotoro bai yi gardama ba, ya ce gaskiya ne mashin ya fi ƙarfi, abin da yake yi a awa huɗu sai ciki ya kwana biyu bai yi ba. Amma ƙarfin nasa ne matsalar. Tansiyon Bahago, wato ƙarfin bugun jininsa, ya faɗi ƙasa, mashin kuwa fizgar jini yake, mai rauni yana iya tafiya a kansa. Kafin ma a kai ga mashin, ga kilomita kusan dubu, ga ramukan hanyar Tawa, ga shingen soja, kuma mota ba ta tashi sai ranar da ayari ya samu rakiyar soja. A can ma mashin ɗin ƴan ƙalilan ne, ƙasa duka su take bi layi. Na ciki kuwa a hankali yake ja, ba ya girgiza zuciya, amma in datti ya shiga ta tiyon, ciki ya ruɓe. Sannan yana shan serom kamar rairayi, kuma serom ɗin nan shi ake ɗaura wa ɗiyan makiyaya da yunwa da zawo ke kawowa kullum. Ya ce kwana goma zai iya ba Bahago, ba ƙari. In ƙoda ba ta farka ba, sai Yamai, ko zai kai ko ba zai kai ba.

Hamidu ya tambaya da me za a gane ta farka. A nan ne lokotoro ya ɗaga kai ya ga mace tsaye a ƙofa, sai ya juya harshe zuwa Faransanci, wanda Hamidu ya ɗan tsinta a hanyar Kwatano. Abin da ya ce ba wani abu ba ne: fitsari. Ranar da Bahago ya fara fitsari, ƙoda ta farka. Ba su da wata alama, don abin gwajin jinin asibitin ya yi wata guda a tsaye. Kalma ɗaya ce tak, amma wai ba a faɗarta gaban matar mutum. Kai, kunyar maza wani lokaci sai ta ba ka haushi! Fulera ta ji an koma yaren da ba ta ji, ta ja mayafinta ta koma ɗakin marasa lafiya.

Aka tsaya kan hanya ta biyu, aka huda cikin Bahago a ranar. Majo Chaibou, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, shi ke riƙe da aikin, shi da wani da suke karɓa-karɓa. Ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya rataya ledar serom a jikin ƙusa, ya buɗe, ruwan ya gangara. Cikin Bahago ya taso ya yi tim. A jira. A buɗe na ƙasa, ruwan ya sauko cikin wata leda, ya yi rawaya-rawaya. Majo ya ɗaga ya duba a haske, ya rubuta, ya wuce wajen wasu.

An hana Fulera taɓa tiyon, amma sauran duka nata ne. Ruwan ba a son shi da sanyi, ba a son shi da zafi, sai daidai jikin mutum. Da safe ta rungume ledar a cikin zanenta har ta ɗumama, da rana kuwa, lokacin da kwanon rufin ke tafasa, sai ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma tana fifita. Ta kan ɗora ta a kumatunta ta ji, yadda take jin kunun yaro. Ta kori ƙuda, ta juya shi kada baya ya yi gyambo, ta goge masa amai. Yana roƙon ruwa, ita kuma an ce rabin finjalin shayi kawai za ta ba shi, sau uku a yini. Mutumin da ya shayar da lambuna ɗari, ga shi yana lasar leɓe yana kallonta, tana kawar da kai. Wannan ya fi komai ci mata rai.

Kwana uku da farawa Majo ya cire ɗan tiyon da aka sa wa Bahago ta gaba, don ba abin da ke fitowa, zazzaɓi kawai yake neman jawowa. Ya ɗauko wani butali mai faɗin baki da zane-zanen awo a jiki, ya ba Hamidu, ya yi masa bayani a baranda. Hamidu ya shigo ya tura shi ƙarƙashin gado bai ce wa kowa komai ba. Shi da Fulera dama ba sa zama ɗaki ɗaya, in ya shigo ta fita, in ta shigo ya fita, yayan miji ne. Kullum da safe sai ya yi sallama, ya duƙa ya leƙa butalin, ya gan shi a bushe, ya fita ya girgiza wa Majo kai. Fulera ta san amfanin irin wannan butali mana, ba yarinya ba ce. Ba ta dai san shi ake jira ba.

Ran na shida, bayan azahar, ta ɗaga zanen da Bahago ya rufa da shi za ta juya shi, sai ta ji danshi. Ɗan wuri ne, bai fi tafin hannu ba, launinsa kamar shayin farko. Haka mahaifinta ya yi, kwana huɗu kafin ya cika: mutum mai tsafta, mai alwala, ya wayi gari ba ya iya riƙewa. Tun ranar ta ɗauka cewa in babban mutum ya fara sakewa a shimfiɗa, to jiki ya sallama ke nan. Tana tsaye da zanen a hannu, sai ta ga Bahago ya buɗe ido, kuma idon nasa ne, ba na mai sambatu ba. Ya gane abin da ya faru. A baranda ana jin muryar abokan aikinsa, Ya'u da Haruna, waɗanda ke riƙe masa igiya in ya shiga rami, sun zo dubiya sun shimfiɗa tabarma. Ya miƙo hannun hagunsa ya kama wuyan hannunta.

"Fulera, ki rufa mini asiri," ya ce. "Kar Yaya ya gani. Kar su Ya'u su ji."

Ta ce ba wanda zai ji. Ya sake ta, ya koma barcinsa.

To, wallahi ta rufa. Ba a taɓa rufa asiri da kyau kamar yadda Fulera ta rufa wannan ba. Ta samo leda ta shimfiɗa ƙarƙashinsa, ta ninka tsoffin zannuwa ta jera. Ta san lokacin zuwan Majo kamar yadda ta san lokacin salla, kafin ya shigo ta canza, ta cusa jiƙaƙƙen cikin daro ta rufe da faifai. Ta kawo kasko daga gida tana ɗan sa turare, har Majo yana yaba mata, yana ce wa sauran masu jinya su zo su ga yadda ake kula da miji. Shi aikinsa a cibiya yake, ƙasa da nan a rufe yake da zane, ga kuma mace zaune, ina zai ɗaga?

Wankin ne wahala. Ruwan asibitin ba ya zuwa sai da sassafe, wata rana ma ba ya zuwa. Bido ɗaya, wato jarka, take samu, da shi za ta sha, ta yi alwala, ta jiƙa tsumman serom. Sai ta rage sha. Ta kan zaga bayan ɗakin, gindin wata bishiyar dogon yaro da ta kaɗe, ta wanke da ɗan guntun sabuni, ta shanya a waya, zafin rana ya busar kafin a ankara. Ran na bakwai sau biyu ya yi. Ran na takwas sau huɗu, kuma launin ya fara washewa. Ita kuwa duk ƙaruwar da ya yi, sai ta ga kwanan ne ke matsowa. Zannuwa suka ƙare, ta yaga nata na fita biki gida biyu. Tana wanki tana kuka ba sauti, idan ta gama ta share fuska ta koma ta rungumi leda. Ta gaji, gajiyar da har in ta zauna sai ta ji ƙasa na tafiya da ita, amma ta ce a ranta wannan ne aiki na ƙarshe da za ta yi masa, ba za ta bari a yi dariyarsa a bakin rijiya bayan ransa ba.

A can baranda kuwa kullum labari ɗaya ne, Hamidu ya leƙa, ya girgiza kai. Kumburin fuskar ya ɗan sauka, amma lokotoro ya ce aikin tiyon ne, ba ƙoda ba. Kwalayen serom suna ta raguwa, ɗakin yara kuma yana ta cika, har a ƙasa ake kwantar da su. Ran na takwas da yamma lokotoro ya tsaya kan Bahago ya daɗe, sannan ya ce wa Hamidu ya fara neman takarda. Washegari Hamidu ya yini yana zarya tsakanin asibiti da wajen manyan soja masu galo, don a lokacin ba motar asibitin da ke fita gari sai soja ya sa hannu. Ya samu. Aka buga waya Yamai, aka ce za a ajiye wa Bahago wuri a mashin. Ayari zai tashi ran Alhamis da hantsi.

Fulera ta tare Majo a hanya, ta tambaye shi tsakani da Allah ko Bahago zai kai Yamai. Majo ya dubi takalminsa ya ce Allah ne mai rayawa. Ta sake tambaya. Ya ce lokotoro na ganin in sun wuce Abalak da shi, garin da ke kafin Tawa, to a gode wa Allah. Ai dama ta riga ta sani, ko kuwa haka take zato.

Ran Alhamis da safe aka zare tiyon daga cikin Bahago aka ɗinke wurin. Aka jefa shi cikin shara, kuma shi ne na ƙarshe irinsa a asibitin. Fulera ta canza wa Bahago zane, ta naɗa masa wani mai kauri saboda hanya, ta ɗauki daronta ta zaga baya, don ta wanke su bushe kafin a tashi. Zane biyar ne ranar.

Akwai wata tsohuwa mai sharar ɗakin, Aissa, wadda ta yi shekara goma sha tara tana jan tsintsiya a nan, ta fi wasu ma'aikatan sanin ciwo. Ta zo zubar da shara ta tarar da Fulera duƙe. Ta tsaya, ta dubi daron, ta ja hanci. Ta tambaya na wane ne. Fulera ta yi kamar ba ta ji ba. Tsohuwar ta sa ƙafa ta ture faifan, ta ga sauran, ta ajiye tsintsiyarta a hankali.

"Ɗiyata, na mijinki ne? Tun yaushe?"

Fulera ta ce don Allah Inna ta yi shiru, amana ce.

"Amanar me? Abin da lokotoro ke nema kwana tara kamar ya yi kuka, shi kike zuwa nan kina wankewa? Ke ba a gaya miki ba? In ya yi fitsari ƙodar ta tashi ke nan. Don bai yi ba za a kai shi Yamai."

Fulera ta zauna daɓas a ƙasa. Ba murna ce ta fara zo mata ba, haushi ne. Kwana huɗu tana binne mijinta a zuci, tana hana kanta ruwa, ashe sauƙi ne take wankewa tana shanyawa a waya. Maza uku masu hankali, da karatu da gemu, an rasa wanda zai buɗe baki ya faɗa mata kalma ɗaya. Sai kuma ta tuna hannunsa a wuyan hannunta. Ta ce wa Aissa ko ita za ta je ta raɗa wa lokotoro. Aissa ta ce wa zai tsayar da mota don maganar mai shara? Kuma ga ta can an tayar.

Gaskiya ne, ana jin ƙugin ambilans ɗin daga nan. Fulera ta ɗauki daron yadda yake, da wankakke da wanda ba a wanke ba, ta zagayo.

An riga an sa Bahago a baya, kan katifa, ƙofar a buɗe. Mutane sun taru sallama: Ya'u da Haruna, mai lambun da rijiyarsa ta rufta, maƙwabta, limamin unguwarsu, mata a gefe. Hamidu na gaba da takarda a hannu. Wani soja na bakin ƙofar asibitin da jerin sunayen motocin da za su bi ayari, yana duba agogo. Lokotoro ya gama ba Majo umarni, ya juya zai koma ɗakin yara. Fulera ta matsa kusa ta ce a hankali tana son magana da shi a gefe. Bai ji ba, saboda ƙarar mota. Hamidu, wanda rabon da ya yi mata magana kai tsaye tun ranar aurenta, ya ce ba tare da ya dube ta ba ta shiga mota, ayari ba ya jiran kowa. Ta sake kiran lokotoro. Ya waiwayo daga nesa, ya ce madam ta faɗa, yana ji.

Ta dubi cikin motar. Idon Bahago biyu, yana kallonta, yana kallon daron. Ya gane. Ya girgiza mata kai kaɗan, iya ƙarfinsa.

"Yana fitsari," ta ce, da ƙarfi, yadda ya fi ƙarar motar. "Yau kwana huɗu. A kwance yake yi, ni nake wankewa."

Ya'u ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Liman ya juya yana kallon katanga. Hamidu ya tsaya baki buɗe. Lokotoro ya dawo da sauri, ya sa hannu cikin daron ba ko safar hannu, ya ɗago zane ɗaya, ya ɗago na biyu, ya duba faɗin danshin. Ya tambaye ta sau nawa jiya, ta ce shida. Launi fa? Ta ce da farko kamar shayi, yanzu ya kusa zama irin na kowa. Ya faɗi wata magana da Zabarmanci wadda ba ta yi kama da addu'a ba, ya zauna a bakin motar ya dafe kai. Can ya ɗago, ya tambaye ta da faɗa me ya sa ta yi shiru kwana huɗu, ta san serom nawa aka hana yara, ta san an cire tiyon da ba a da wani?

"Wa ya tambaye ni?" ta ce.

Majo Chaibou ya cire hularsa ya mayar.

Hamidu ne ya fara samun baki. Ya ce ko ma mene ne a tafi, takarda ta fito, wuri na jira, wa ya san ko za a sake samu? In aka sauke shi yanzu, ba tiyo ba mashin, ayari na gaba kuma sai Litinin. Maganarsa ba ta banza ba ce, lokotoro ma ya ce haka. Sannan lokotoron ya juyo wajen Fulera, ya yi mata bayanin da Hausa tun daga farko har ƙarshe, yana tuntuɓe da kalmomi amma bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce in ƙodar ta farka da gaske, kwana uku masu zuwa za ta iya riƙe shi da kanta, kuma hanya ce babban haɗarinsa yanzu. In kuwa farkawar rabi ce, dattin zai sake taruwa, ba shi da abin da zai yi masa kafin Litinin. Ya ce in ƙanensa ne, da ya sauke shi. Amma ba zai rantse ba.

Hamidu ya ce in wani abu ya faru kada a kira sunansa. Sojan ya ɗaga murya daga ƙofa yana tambaya ana tafiya ko ba a tafiya. Fulera ta ajiye daron.

"A sauke shi," ta ce.

Sojan ya ja layi a takardarsa ya hau babur ya tafi. Su Ya'u suka kama katifar ta kusurwa huɗu, kowa idonsa a wani wuri, suka mayar da shi gadonsa. Ba su zauna a baranda ba ranar, suka naɗe tabarma suka ce za su dawo.

Kwana ukun nan sun fi goman farko tsawo. Yanzu butalin a hannunta yake. Ita ke tara masa, ita ke ɗauka ta ratsa baranda da shi tsakar rana, gaban duk wanda ke zaune, ta kai wa Majo ya duba zanen awo ya rubuta. Ran Juma'a amai ya dawo, Hamidu ya zo ya tsaya bakin ƙofa, tsayuwar tasa ma ta isa. Fulera ta ji kamar ta mutu ta huta. Ran Asabar amai ya tsaya, butalin ya cika sau uku, lokotoro ya ce a ƙara masa ruwan sha. Ran Lahadi da hantsi ya duba idonsa, ya danna ƙafarsa, ya saurari ƙirjinsa, ya ce ba sai an nemi takardar Litinin ba.

Duk kwanakin nan Bahago bai ce mata uffan ba. Fuskarsa na bango. In ta ba shi ruwa ya sha, in ta juya shi ya juyu, shi ke nan. Sai ranar Lahadin, bayan lokotoro ya fita, ta zo da butalin ta tsaya, ya yi magana bai juyo ba.

"Gaban Ya'u, Fulera. Gaban Yaya, gaban liman. Kin tona mini asiri."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Ta so ta yi kuka, ta so ta yi faɗa, ta duba ta ga ba ta da ƙarfin ko ɗaya.

"Na tona," ta ce. "In ta kama gobe, in sake tonawa."

Ta kamo hannunsa ta danƙa masa butalin.

"Riƙe da kanka, Malam. Hannuna ya gaji."